Walter Camp: Mutumin da ya tsara dokokin ƙwallon ƙafar Amurka

A safiyar ranar 14 ga watan Maris na shekarar 1925, 'yan kwamitin tsara dokokin ƙwallon ƙafar Amurka sun hallara a birnin New York domin ci gaba da taron da suka saba yi duk shekara. Sai dai mutumin da ya fi kowa daɗewa a cikinsu, wanda kuma ba a san shi da makara ba, bai iso ba.

Da jira ya yi tsawo, sai biyu daga cikin abokan aikinsa suka bi sawunsa zuwa masaukinsa a otel ɗin Belmont. A can suka tarar rai ya yi halinsa cikin dare, sakamakon bugun zuciya. Walter Camp ya rasu yana da shekara 65, bayan ya shafe kusan shekara 50 yana halartar irin wannan taro.

Amurkawa suna kiransa uban wasan ƙwallon ƙafarsu. Ba shi ne ya ƙirƙiro wasan ba, amma shi ne ya fi kowa hannu wajen raba shi da ƙwallon zari-ruga ta Ingila, ya mayar da shi wasa mai zaman kansa. To sai dai kuma tarihi bai manta cewa wasu daga cikin dokokin da ya kawo sun buɗe ƙofar munanan raunuka da asarar rayukan matasa ba, har ta kai ga shugaban ƙasa ya tsoma baki.

Haihuwa da karatu

An haifi Walter Chauncey Camp ranar 7 ga watan Afrilu na shekarar 1859 a garin New Britain da ke jihar Connecticut, a arewa maso gabashin Amurka. Mahaifinsa, Leverett Camp, malamin makaranta ne. Tun yana ƙarami iyayensa suka koma birnin New Haven, inda jami'ar Yale take, kuma a nan ya yi karatu a makarantar Hopkins kafin ya shiga jami'ar a shekarar 1876.

A wancan zamani wasan ƙwallo tsakanin jami'o'in Amurka sabon abu ne. An yi karawar farko ce ranar 6 ga watan Nuwamba na 1869 tsakanin Rutgers da Princeton, kowane ɓangare da 'yan wasa 25, kuma wasan ya fi kama da ƙwallon ƙafar da sauran duniya ta sani. Rutgers ce ta yi nasara da ci 6 da 4.

A shekarar 1874 ɗaliban jami'ar McGill ta Kanada suka ziyarci Harvard, suka nuna musu zari-ruga, wato wasan da ake ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita. Wasan ya shiga ran 'yan Harvard, har suka buga irinsa da Yale a birnin New Haven a watan Nuwamba na 1875. Camp, wanda a lokacin yake ɗan makarantar sakandare, yana cikin 'yan kallo.

Shekara guda bayan haka wakilan Harvard da Princeton da Columbia da Yale suka gana a otel ɗin Massasoit da ke birnin Springfield, suka amince da dokokin da galibinsu aro ne daga zari-rugar Ingila. A wannan shekarar ce Camp ya fara buga wa Yale wasa a layin baya. Ba shi da girman jiki, amma yana da gudu da iya bugun ƙwallo, kuma abokansa sun zaɓe shi kyaftin fiye da sau ɗaya.

Bayan ya kammala digirinsa a 1880 ya shiga sashen koyon aikin likita, amma bai ƙarasa ba. A 1883 ya kama aiki da kamfanin ƙera agogo na New Haven, inda ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama shugaban kamfanin a 1903. Masu nazarin rayuwarsa sukan danganta son tsari da ƙididdigar lokaci da ke cikin dokokinsa da wannan sana'a tasa.

Rabuwa da zari-ruga

Tun a 1878 Camp ya fara wakiltar Yale a taron dokoki. Abu biyu ne suka fi damunsa game da wasan da suka gada daga Ingila.

Na farko shi ne yawan 'yan wasa. A lokacin 15 ne a kowane ɓangare, shi kuwa yana ganin 11 sun isa, domin fili ya buɗe, gudu da dabara su yi tasiri. Na biyu shi ne yadda ake ci gaba da wasa bayan an kayar da mai ƙwallo. A zari-ruga akan jefa ƙwallon ne a tsakiyar cincirindon 'yan wasa, su yi ta turereniya har ta fito ta inda ta ga dama. A ganin Camp wannan ya sa sa'a ta fi shiri tasiri.

A shekarar 1880 taron ya amince da shawarwarinsa biyu. Aka mayar da 'yan wasa 11, sannan aka soke turereniyar. A maimakonta sai ɓangarorin biyu su ja layi suna fuskantar juna, ƙwallo tana hannun ɓangare ɗaya ba tare da jayayya ba. Ɗan wasan tsakiya ne zai tura ta baya ga mai rarraba ƙwallo, da farko da ƙafa, daga bisani aka yarda a yi da hannu.

Wannan sauyi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Tunda kowace ƙungiya ta san ƙwallo tata ce kafin a motsa, tana iya tsara abin da kowane ɗan wasa zai yi tun da wuri. Daga nan ne aka samo salon tsayawa, a shirya, a kai hari, a sake tsayawa, wanda yakan ba baƙon wasan mamaki har gobe.

Amma ba a jima ba aka gano gibin da ke cikin dokar. Babu abin da ya tilasta wa mai ƙwallo ya rabu da ita. A karawar Yale da Princeton ta 1881, Princeton ta riƙe ƙwallon tun daga farko har aka tafi hutun rabin lokaci ba tare da yunƙurin ci ba, Yale ma ta rama a zagaye na biyu. Aka tashi babu ci, 'yan kallo suka watse cikin takaici, jaridu kuma suka yi ta suka.

Maganin da Camp ya kawo a 1882 shi ne a ba ƙungiya dama uku ta ci gaba da yadi biyar, idan ta kasa ta miƙa ƙwallo ga abokiyar karawarta. Yadi ɗaya kaɗan ya rage ya kai mita ɗaya. Domin alƙali ya iya auna wannan tazara, sai aka riƙa ja wa fili farin layi bayan kowane yadi biyar, wanda ya sa filin ya yi kama da ragar gasa nama.

A 1883 aka fara ƙidaya nasara da maki, nan ma da hannunsa. Da farko bugun ƙwallo ta tsallake sandar raga ya fi daraja, domin maki biyar ake ba shi, yayin da kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan hamayya bai kai haka ba. Sannu a hankali lissafin ya juya, har a 1909 bugun ya koma maki uku, a 1912 kuma kai ƙwallo bayan layi ya zama maki shida, kamar yadda yake a yau.

Samuwar alƙalan wasa

A farkon al'amari kyaftin-kyaftin na ƙungiyoyi da wakilan da kowane ɓangare ya kawo su ne ke warware saɓani, kuma sau da yawa gardama kan cinye lokacin wasa. Da dokoki suka yawaita sai buƙatar mai hukunci da ba ya goyon bayan kowa ta fito fili.

A shekarar 1887 aka wajabta samar da alƙalai biyu da ake biya a kowane wasa. Ɗaya yana lura da ƙwallo da inda ta tsaya, ɗayan kuma yana sa ido a kan halayen 'yan wasa, kamar naushi da riƙo da shiga gaban layi kafin lokaci. A 1889 aka ba su usur da agogon ƙidayar lokaci. A 1894 aka ƙara na uku mai kula da layi da auna tazara.

Wannan rabon aiki, inda kowane alƙali ke da wurin tsayawarsa da abin da aka ɗora masa ya kalla, shi ne ya bunƙasa har ya kai ga alƙalai bakwai da ake gani a gasar ƙwararru ta NFL, da bakwai ko takwas a manyan wasannin jami'o'i.

Shekaru da dama Camp ne editan littafin dokoki da kamfanin kayan wasanni na Spalding ke bugawa duk shekara. Saboda haka duk alƙali ko koci da ya shiga shakka a kan wata doka, fassarar Camp ce abin dogaronsa, kuma wasiƙu sun riƙa zuwa masa daga sassan ƙasar ana neman fatawa.

Koci a Yale

A shekarar 1888 ya auri Alice Graham Sumner, ƙanwar shahararren malamin nazarin zamantakewa na Yale, William Graham Sumner. Sun haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace. A wannan shekarar ce kuma ya karɓi ragamar horar da ƙungiyar jami'ar.

Da yake aikin kamfani ba ya barinsa ya halarci atisaye da rana, matarsa ce ke zuwa fili da littafin rubutu, tana lura da ƙoƙarin kowane ɗan wasa da kurakuransa. Da dare sai kyaftin da manyan 'yan wasa su taru a gidansu, a bi abin da ta rubuta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙungiyar 1888 ta lashe dukkan wasanninta 13, ta tara kusan maki 700, kuma babu wanda ya ci ta ko da maki ɗaya. A cikin shekara biyar, daga 1888 zuwa 1892, Yale ta ci wasa 67, aka doke ta sau biyu kacal. Daga baya Camp ya horar da jami'ar Stanford da ke California a 1892 da 1894 da 1895.

Almajiransa sun bazu a ƙasar suna koyar da salon Yale. Fitacce a cikinsu shi ne Amos Alonzo Stagg, wanda ya shafe shekara 41 yana horar da jami'ar Chicago.

Bugun fara wasa da tsinin mashi

A dokokin wannan wasa akwai bugun da ake wa mai bugawa tazara, ba a yarda abokan hamayya su matso su tare shi ba. Da shi ake buɗe wasa, da shi ake dawowa daga hutun rabin lokaci, da shi kuma ake ci gaba bayan an ci maki. A zamanin Camp wannan bugu ya zama wuri mafi haɗari a fili.

Dalili kuwa shi ne dokar farko ba ta faɗi nisan da ƙwallo za ta yi ba. Don haka mai bugu kan ɗan taɓa ta da ƙafa kawai, ya sunkuya ya ɗauke abarsa, abokansa su kewaye shi su nausa gaba. Princeton ta yi suna da wannan dabara tun a 1884, inda 'yan wasanta kan jeru kamar tsinin mashi, mai ƙwallo yana ɓoye a tsakiya.

A 1888 aka halatta kama ɗan wasa daga ƙugu zuwa gwiwa, bisa shawarar da Camp ya goyi baya. Wannan ya sa gudu a sarari ya yi wuya, domin kayar da mai gudu ya zama da sauƙi. Sai ƙungiyoyi suka koma dunƙulewa wuri ɗaya, suna tura mai ƙwallo ta tsakiya da ƙarfin tsiya.

Abin ya kai maƙura a watan Nuwamba na 1892, a karawar Harvard da Yale a Springfield. Wani ɗan kasuwa mai suna Lorin Deland, gwanin wasan dara irin na Turawa wanda bai taɓa buga ƙwallon ba, ya yi nazarin dabarun yaƙin Napoleon, ya tsara wa Harvard sabon salo. Da aka dawo daga hutu, kyaftin ɗin Harvard ya tsaya shi kaɗai a kan ƙwallo, sauran suka kasu gida biyu a can bayansa. Da ya ba da alama suka taso a guje, suka haɗe suka zama tsinin mashi, sai da suka iso da cikakken gudu sannan ya taɓa ƙwallon ya shige tsakiyarsu.

'Yan Yale, waɗanda doka ta hana su motsawa kafin a taɓa ƙwallo, suna tsaye wannan runduna ta afka musu. Duk da haka Yale ce ta ci wasan da 6 da nema. Amma kafin shekara ta zagayo kusan kowace ƙungiya ta kwaikwayi salon, karaya da buguwar kai kuma suka yawaita.

A 1894 kwamitin da Camp ke ciki ya ɗauki mataki. Aka wajabta cewa bugun fara wasa sai ƙwallo ta yi tafiyar aƙalla yadi 10 kafin ɓangaren da ya buga ya sami ikon ɗaukarta, sai fa idan abokin hamayya ya riga ya taɓa ta. Aka kuma rage lokacin wasa daga minti 90 zuwa 70. Da wannan doka ta yadi 10 aka kashe dabarar Deland, kuma har yau tana aiki. Abin sha'awa, bayan shekara biyu Camp da Deland suka haɗu suka wallafa littafi a kan wasan.

Kare wasan da sukar da ya sha

Sabuwar dokar ba ta kawo ƙarshen tashin hankali ba. Karawar Harvard da Yale ta 1894 ta yi muni har aka fitar da 'yan wasa da dama da munanan raunuka, jami'o'in biyu suka daina karawa sai a 1897. Shugaban Harvard, Charles Eliot, ya zama jagoran masu neman a soke wasan baki ɗaya.

A wannan shekarar Camp ya wallafa sakamakon tambayoyin da aka aika wa tsofaffin 'yan wasa, inda ya nuna cewa mafi yawansu sun amfana da wasan a jiki da tarbiyya. Littafin ya kwantar da hankalin iyaye da hukumomin makarantu da yawa. Sai dai masana tarihi na baya sun zarge shi da fifita amsoshin da suka dace da ra'ayinsa.

Camp ya yi imani cewa wasan makaranta ce ta juriya da biyayya da aiki tare, irin halayen da masana'antu da rundunar soja ke buƙata. Yana kuma wa'azin cewa ɗalibi ya yi wasa don sha'awa, ba don kuɗi ba. To amma a tsakiyar shekarun 1900 'yan jarida suka bankaɗo cewa asusun wasanni na Yale da ke ƙarƙashin kulawarsa ya tara rarar kusan dala dubu 100, kuma wasu fitattun 'yan wasa suna samun alfarmar da sauran ɗalibai ba sa samu. Wannan ya rage masa kwarjini a idon masu neman gyara.

Rikicin shekarar 1905

Ranar 9 ga watan Oktoba na 1905, Shugaba Theodore Roosevelt ya gayyaci wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House, Camp yana cikinsu. Roosevelt masoyin wasan ne, ɗansa ma yana buga wa 'yan ajin farko na Harvard. Burinsa shi ne a tsabtace wasan kafin masu adawa su yi galaba. Wakilan suka sa hannu a kan alƙawarin mutunta dokoki, amma ba a sauya komai a cikinsu ba.

Kafin kakar ta ƙare jaridu sun ƙirga mutuwar 'yan wasa aƙalla 18, yawancinsu 'yan makarantun sakandare. A ƙarshen watan Nuwamba wani ɗalibin kwalejin Union, Harold Moore, ya rasu bayan buguwar da ya samu a kai a wasa da jami'ar New York. Columbia ta soke wasan, Stanford da California kuma suka koma zari-ruga.

Shugaban jami'ar New York, Henry MacCracken, ya kira taro, kuma a ƙarshen watan Disamba wakilan makarantu 62 suka kafa sabuwar ƙungiya da nata kwamitin dokoki. Ita ce a 1910 ta koma NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka. A farkon 1906 aka haɗe sabon kwamitin da tsohon, daga nan kuma Camp ya rasa rinjayen da ya daɗe yana da shi, ko da yake ya ci gaba da zama mamba kuma editan littafin dokoki.

Babbar muhawarar ita ce yadda za a buɗe wasan. Camp ya nemi a ƙara tazarar da ake buƙata daga yadi biyar zuwa 10, aka amince. Akwai kuma shawarar faɗaɗa fili da ya fi karkata gare ta, amma Harvard ta riga ta gina filinta na kankare a 1903, wanda ba zai faɗaɗu ba. Sai aka rungumi abin da Camp bai so ba, wato halatta jefa ƙwallo gaba da hannu. Aka kuma sanya tazara tsakanin layukan ɓangarorin biyu, aka rage lokaci zuwa minti 60.

Da aka sake samun mace-mace a 1909, sai aka haramta turawa ko jan mai ƙwallo a 1910, aka raba wasa gida huɗu. A 1912 aka ƙara damar kai hari zuwa huɗu, aka mayar da tsawon fili yadi 100, aka kuma ɗauke bugun fara wasa daga tsakiyar fili zuwa layin yadi 40. A 1913 Notre Dame ta doke makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point da ci 35 da 13 ta hanyar jifa, kowa ya ga inda wasan ya dosa. Jifan da Camp ya ƙi shi ne ya zama abin da ya fi jan 'yan kallo.

Marubuci da mai koyar da motsa jiki

Camp ya rubuta littattafai kusan 30 da maƙaloli fiye da 200 a mujallu. Tun daga 1889, tare da ɗan jarida Caspar Whitney, aka fara fitar da jerin gwarzayen 'yan wasa 11 na shekara a faɗin Amurka, kuma daga 1898 har zuwa 1924 mujallar Collier's ce ke buga zaɓin Camp.

An soki jerin da fifita jami'o'in gabashin ƙasar. Duk da haka, a zamanin da wariyar launin fata ta yi katutu, sunayen Jim Thorpe, ɗan asalin ƙabilun Indiyawan Amurka, da baƙaƙen fata irin su Fritz Pollard da Paul Robeson sun shiga cikinsa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama mai ba rundunar sojan ruwan Amurka shawara kan lafiyar jiki. Ya tsara motsa jiki iri 12 masu sauƙi da mutum zai gama cikin 'yan mintuna ba tare da wani kayan aiki ba. Bayan yaƙin aka naɗe su a faifan garmaho, gidajen rediyo kuma suka riƙa watsa irinsu da safe, har ma'aikatan ofis da matan gida suka san sunansa.

Abin da ya bari

An binne Camp a birnin New Haven. A 1928 aka buɗe wata babbar ƙofa ta tunawa da shi a mashigar filayen wasan Yale, wadda ɗaruruwan jami'o'i da makarantu suka ba da gudummawar gina ta. A 1951 yana cikin rukunin farko da aka shigar a zauren karrama gwarzayen wasan na jami'o'i, kuma tun daga 1967 ake ba da lambar yabo mai sunansa ga gwarzon ɗan wasan shekara.

Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na Super Bowl, wanda mutane fiye da miliyan 100 ke kallo a Amurka, zai ga aikinsa a fili: 'yan wasa 11, layi biyu suna fuskantar juna, da fararen layukan auna tazara.

Haka nan a bugun fara wasa na jami'o'i, ana ajiye ƙwallo a layin yadi 35, masu karɓa su ja baya da yadi 10. Alƙalai kan rarrabu, wasu a kan layin masu bugu, wasu a kan na masu karɓa, wasu a can kusa da layin ƙarshe. Kowannensu zai ƙirga 'yan wasan da ke gabansa, ya ɗaga hannu alamar ya shirya, kafin babban alƙali ya busa usur. Idan aka yi gajeren bugu da nufin ƙwato ƙwallon, aikinsu shi ne tantance ko ta cika yadi 10, da kuma wanda ya fara taɓa ta.

Akwai ma wani tsohon bugu da aka gada daga zari-ruga, wanda ake ba ƙungiyar da ɗan wasanta ya ba da alama ya cafe ƙwallo a sama, ta gwada cin maki uku ba tare da an tare ta ba. Jami'o'i sun soke shi a 1950, amma ya saura a NFL, inda Cameron Dicker na ƙungiyar Los Angeles Chargers ya ci shi daga yadi 57 a watan Disamba na 2024, karo na farko tun 1976.

Matsalar da ta dami zamanin Camp ma ba ta gushe ba. Saboda yawan buguwar kai, NFL ta haramta jeruwar mutum uku ko fiye kafaɗa da kafaɗa a gaban mai karɓar bugu a 2009, ta ƙara tsaurara dokar a 2018. A 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasan da suka kai ta ƙara kan lahanin ƙwaƙwalwa. A 2024 kuma ta sake fasalin bugun fara wasa baki ɗaya, ta jera ɓangarorin biyu kusa da juna, ta hana su motsi har sai ƙwallo ta sauka ko an taɓa ta, domin kada su yi karo da cikakken gudu.

Wannan ita ce tambayar da kwamitin Walter Camp ya zauna a kanta a 1894, wato yadda za a bar wa wasan ƙarfinsa ba tare da an salwantar da masu buga shi ba. Bayan fiye da shekara 130, magadansa suna ci gaba da zama a kanta duk shekara.